Hancin Motar Henrike

An ɗaura auren Henrike Oltmanns da Matthis Eberle wata Juma'a a cikin watan Yuni, a ofishin rajistar aure na garinmu, ana yayyafi. Amarya direbar bas ce, shekarunta ashirin da takwas. Ango mai gwajin na'urori ne, mutumin kudancin ƙasar, daga wajen birnin Ulm. Waɗanda suka halarta ba su cika ɗakin ba. Uban amarya, Eilert Oltmanns, ya zo, amma a kujerar baya ya zauna. Kowa a ɗakin ya san rahoton angon ne ya raba shi da garejin da ya gada daga ubansa.

A watan Oktoban bara suka haɗu, a cikin garejin.

Kamfanin Oltmanns ƙarami ne. Bas biyar gare su masu aiki da iskar haidurojin, sai kwangilar gunduma ta jigilar 'yan makaranta da mutanen ƙauyuka. Tankunan iskar a kan rufin motocin suke. Iskar ba ta da wari, ba ta da launi, kuma idan ta taru a rufaffen wuri ƙyastu ɗaya ya isa ta kama da wuta. Shi ya sa kowace mota take da 'yan na'urori masu sansano ta. Da sun ji ta, sai jar fitila ta kama a gaban direba, tankuna su rufe kansu. A garejin, hanci ake kiran na'urar. Aikin Matthis shi ne ya bi garejojin yankin yana tabbatar da cewa hancin yana ji.

Henrike ta shigo da safe ta tarar da baƙo a kan rufin motarta, da igiya ɗaure a ƙugu.

"Kai, na sama! Wa ya ba ka izinin hawa mini mota?"

"Takarda."

"To ka gaya wa takardar yara na bakin titi, ruwa na dukansu."

"Hau kujerarki ki kalli fitila. Idan ta yi ja ki yi mini magana."

"Idan ba ta yi ba fa?"

"Sai yaran su tafi a ƙafa."

Ya ɗora bakin wani siririn bututu a kan na'urar, ya buɗe 'yar tukunyar iskar gwaji. Fitila ta yi ja, ƙararrawa ta ɗauka.

"Ta yi!" in ji Henrike da ƙarfi.

"Na ji. Har a Ulm sun ji."

Kafin ya sauko, ya ciro tsumma ya goge sawun takalminsa daga rufin. Daga baya ta ce wannan ne abin da ya fara burge ta, don fuskarsa ba wata abar a zo a gani ba ce. Ta karɓi lambarsa, ta ba shi tata, wai ko hancin zai yi gardama. Da yamma shi ya fara rubutowa.

"Direba, na manta safar hannuna a garejinku. Matthis, na sama."

"Ba ka manta komai ba. Na duba."

"Gaskiya ne. To me zan ce na manta?"

"Ka ce ka manta ba ka sha shayi ba. Asabar, Sarkin Hanci."

Haka abin ya fara. A ƙarshen mako sukan hau kan shingen teku, dogon tudun da ke tare ruwa, su yi tafiya, iska na ture su, tumaki na kallonsu. Idan ya gama aiki da wuri yakan shiga motarta ya biya kuɗi kamar kowa, ya zauna a bayanta har tashar ƙarshe, su ci burodi da kifi a cikin motar babu kowa. Yana ce mata Rike. Tana ce masa Hancina.

"Kana da surutu a saƙo, a fili kuma kamar an ɗinke maka baki," in ji ta wata rana.

"A fili ke nake kallo. Ba na iya yin aiki biyu."

"Ka ga irinta ko? Wannan ma da a waya ne da ta fi tsawo."

Kafin Kirsimeti ta kai shi gida. Mahaifiyarta ta rasu tun tana sakandare, don haka kakarta, Oma Gesche, ita ke riƙe da teburin shayi. Tsohuwar ta jefa dunƙulen sukari a kofi, ta zuba shayi, ta zuba madara a gefe. Matthis ya ɗauki cokali ya juya. A yankin nan kuwa ba a juya shayi.

"Siminti kake kwaɓawa, yaro?" in ji Oma Gesche. "Henrike, ina kika tsinto wannan?"

"A kan rufi, Oma."

"To mayar da shi."

Amma ta sake zuba masa, ta kuma tura masa farantin kek. Eilert ne bai yi dariya ba. Mutum ne mai faɗin ƙirji da farin gashi, wanda ko a teburin Lahadi akwai baƙin mai a ƙarƙashin faratansa.

"Kana tuƙi?" ya tambaya.

"Ƙaramar mota, Herr Oltmanns," in ji Matthis. Herr kalmar girmamawa ce, kamar a ce Malam.

"Ka taɓa sauya taya a cikin ƙanƙara?"

"A'a."

"To me ka iya?"

"Na iya gane lokacin da abu ya daina aiki."

"Wannan ko karena ya iya."

Bayan baƙon ya tafi, Eilert ya faɗi ra'ayinsa a tsaye, yana sa takalmin aiki. Mutumin albashi ne, in ji shi. Yau yana nan, gobe kamfani ya tura shi wani wuri. Wa zai riƙe garejin?

"Ni," in ji Henrike.

"Ke kaɗai? Ga Tammo Harms nan. Tare kuka tashi, ubansa na da motoci, ya san aikin tun yana rarrafe."

"Papa, idan Tammo ya burge ka, kai ka aure shi. Oma za ta ɗinka maka riga."

A watan Fabrairu Matthis ya dawo gwaji na biyu. Sanyi ya tsananta a shekarar, magudanai duk sun daskare. Ya hau motar Henrike, ya buɗe iskar gwaji, ya jira. Fitila ba ta yi ja ba. Ya sauya bututu, ya sake gwadawa. Shiru. A cikin motoci biyar, hancin rufin uku ba ya ji, kuma na Henrike ya fi na kowa kurumcewa. Ya manna jar takarda a gilashin kowace, wadda ke hana mota fita.

Eilert ya bi shi yana faɗa daga mota zuwa mota. Kayan kamfaninku ne marasa inganci, in ji shi, ku je ku gyara kayanku, ku bar mutane su yi aikinsu. Kafin azahar Tammo Harms ya shigo da tsofaffin motocin dizal uku daga garejin ubansa, aro, don kada yara su rasa makaranta. Eilert ya rungume shi a gaban kowa.

An sauya na'urorin a cikin makon, motoci suka koma hanya. Abin da ya rage shi ne dalili, kuma dalilin yana da nauyi. Idan na'urorin ne suka lalace da kansu, laifin na masu ƙera su ne. Idan kuwa wani abu aka yi musu a garejin, gunduma za ta sake duba kwangilar, kuma shugaban garejin ne zai amsa tambaya. Eilert ne shugaban garejin.

Ranar Lahadi Matthis ya zo shan shayi da wuri. Ya ga ƙofar garejin a buɗe, ya shiga gaisuwa. Eilert na kan dakalin aiki a gefen rufin motar Henrike, ya ɗaga murfin ɗakin tankuna, yana bin robar bakin murfin da gwangwanin feshi. A hankali yake yi, yana shafawa da babban yatsa.

Al'adarsa ce tun zamanin ubansa. Duk lokacin da sanyi ya yi tsanani yakan fesa man silikon a robobin ƙofofi, don kada ƙanƙara ta manne su ko ta tsaga su. A motocin dizal wannan kulawa ce mai kyau. Da sababbin motoci suka zo sai ya ƙara da robobin rufi. Ba ya barin kowa ya yi masa. Ranar Lahadi yake yi, shi kaɗai, kuma da motar 'yarsa yake farawa, nan ne kuma ya fi fesawa.

"Herr Oltmanns, don Allah ka ajiye gwangwanin nan."

"Yau kuma me na yi?"

Matthis ya yi masa bayani a tsaye daga ƙasa. Tururin silikon yana shiga cikin na'urar ya kwanta a kan abin da ke sansanawa, ya rufe shi kamar gilashi. Na'urar ba ta mutuwa, ba ta nuna alamar ciwo. Koriyar fitilarta tana nan a kunne. Ji kawai take dainawa.

"An rubuta a littafin motar," in ji shi.

"Littafin da ya fi bulo nauyi? Tun ba a haife ka ba nake fesa wannan, yaro. Ko ƙofa ɗaya ba ta taɓa manne mini ba."

"Na sani. Ba ƙofa ce matsalar ba."

"Kuma za ka rubuta?"

"Dole in rubuta. Amma ba zan riga ka gaya wa Henrike ba. Ka faɗa mata da bakinka."

Eilert ya rufe murfin, ya sauko, ya goge hannu.

"Shiga ka sha shayinka," in ji shi. "Na ƙarshe ne."

Ya gaya wa 'yarsa, amma yadda ya fahimta, ko yadda ya zaɓi ya fahimta. Kamfanin na'urori na neman wanda zai ɗauki laifin kayansu, in ji shi, kuma sun samu ɗan aike mai shiga har kicin. Ranar da rahoton ya isa ofishin gunduma, saƙonta ya isa wayar Matthis.

"Ka sani tun ranar Lahadi. Ka zauna kusa da ni, ka ci kek ɗin Oma, ba ka ce komai ba."

"Na ba shi dama ya gaya miki da kansa."

"Ya gaya mini. Kun rasa wanda za ku ɗora wa, ka samo musu tsoho."

"Rike, ba haka ba ne. Bari in zo in nuna miki."

"Kada ka zo. Kuma sunana Henrike."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya shiga motarta wata yamma, ta karɓi kuɗinsa, ta ba shi tikiti, ba ta kalle shi ba. Ya sauka a tasha ta gaba, ya tako zuwa gari a cikin ruwa.

A ƙarshen watan aka yi yawon kabeji na direbobin yankin. Kamar kullum, sun ja amalanken abin sha ta cikin gonaki, suka ƙare a gidan abinci, aka ci ganyen kabeji da tsiren alade, aka zaɓi sarki da sarauniyar shekara. Tammo Harms da Henrike Oltmanns aka zaɓa. Jaridar garin ta buga hoton: hannunsa a kafaɗarta, rawanin takarda a kanta.

"Na ga hoton," Matthis ya rubuta. "Allah ya sanya alheri."

Ba ta amsa ba. Ya nemi kamfaninsa ya mayar da shi wani yanki, suka amince daga watan Afrilu.

Tammo ba mugu ba ne, mutum ne mai lissafi. A hanyar komawa daga yawon ya ce mata idan aka haɗa garejojin biyu babu wanda zai ƙwace musu kwangila a duk gundumar.

"Aure kake nema ko fili?" in ji ta.

"Duka biyun. Ai ba laifi ba ne."

"Ba laifi ba ne, Tammo. Amma ko kifi a kasuwa an fi yi masa kirari."

Gunduma ta ce za ta saurari kowane ɓangare bayan bikin Ista. Kafin nan, a tsakiyar Maris, sanyi ya dawo. Ranar Litinin da safe Henrike ta buɗe ƙofar motarta ta ga robar tana ƙyalli. Ta shafa, yatsanta ya yi santsi. Ta kalli fitila, koriya ce. Ta tayar da mota ta tafi ɗaukar yara. Haka ta yi washegari, da wanshekaren washegari.

Oma Gesche ce ta tsare ta a kicin, tana fere dankali.

"Ba kya cin abinci."

"Ina ci."

"Tsuntsu ma yana ci. Ubanki ya sake fesawa ko?"

Tsohuwar ta ci gaba da fere dankalinta.

"Ni na haife shi. Yana yaro idan aka ce murhu da zafi sai ya ɗora hannu sau biyu. Idan shi ke da gaskiya, gwaji zai wanke shi. To me kike tsoro?"

Henrike ta daɗe da wayar a hannu kafin ta rubuta wa Matthis.

"Ina bukatar gwaji a motata. Aiki ne, ba wani abu ba."

"Gobe da safe. Kada ki tayar da ita kafin in zo."

Ya zo da tukunyarsa da bututunsa. Ya rame. Eilert ya ce a gwada, yau kowa zai gani da idonsa, kuma shi ma zai hau don kada a yi masa rufa-rufa. Suka hau dakalin tare. Henrike ta zauna a kujerarta.

Matthis ya buɗe iskar.

"Ta yi ja?"

"Koriya ce."

Suka jira.

"Yanzu fa?"

"Koriya."

Eilert ya fizge bututun, ya danna shi a kan na'urar da hannunsa, ya murɗa tukunyar har ƙarshe.

"Henrike! Duba da kyau!"

"Papa, koriya ce."

"To tukunyarka ce babu komai a ciki!"

Matthis ya ciro na'urar hannu daga aljihu, ya kusantar da ita bakin bututun. Ta ɗauki kuka nan take. Ya rufe tukunyar, ya jira ta yi shiru. Sannan, kamar yadda ka'idar aikin ta ce, ya bi bututun tankunan da ita a hankali, daga mahaɗa zuwa mahaɗa. A ta kusa da ƙarshe ta sake ɗaukar kuka.

"Henrike, kashe komai ki fito," in ji shi, ba tare da ɗaga murya ba. "A buɗe ƙofofin garejin da tagogin sama."

Eilert bai motsa ba. Yana kallon mahaɗar.

"Yoyo ne?"

"Ƙarami. Irin wanda hanci ke kamawa tun yana ƙarami."

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Babu wanda zai iya sani."

"Jiya ta ɗauki yara."

"Eh."

Eilert ya sauko da kyar, yana riƙe ƙarfen da hannu biyu. Ya wuce 'yarsa bai kalle ta ba. A bakin ƙofa ya cire shuɗiyar rigar aikinsa, ya rataye ta a ƙusa, ya shiga gida. Ba a yi gobara ba, babu wanda ya ji ciwo. An rufe tankunan, aka tura motar waje, aka gyara mahaɗar a ranar.

Henrike ta sami Matthis a farfajiya yana naɗe bututu. Iska na kaɗawa.

"Ka yi haƙuri," in ji ta.

"Ubanki ne. Da ba ki tsaya masa ba da na yi mamaki."

"Ka ce Allah ya sanya alheri. Wane alheri?"

"Na sarauniyar kabeji da sarkinta."

"Ƙuri'a aka kaɗa, sakarai. Bara mai wanke motoci aka zaɓa da matar fasto. Su ma ka yi musu fatan alheri?"

Ya yi ɗan murmushi, sannan ya daina.

"Rahoto na biyu zai fi na farko muni, Rike. An gargaɗe shi, ya sake. Ga yoyo, ga yara. Zan rubuta duka."

"Ka rubuta har da ni. Na ga robar ranar Litinin, na fita da motar."

"Wannan ba sai..."

"Ka rubuta."

Ya sunkuyar da kai. "Bayan wannan za ki aure ni?"

"Ka rubuta tukuna, sannan ka sake tambaya."

Washegari da rana saƙonsa ya shigo.

"Na aika."

"To tambayi."

"Rike, za ki aure ni?"

"Eh, Hancina. Amma ka zo ka faɗa a gaban Oma. Ba ta yarda da waya ba."

Gunduma ba ta jira Ista ba. Ta dakatar da kwangilar Oltmanns, ta ba kamfanin Harms hanyoyin makaranta na wucin gadi. An gargaɗi Henrike a rubuce, amma ba a karɓe mata lasisi ba. Eilert ya ajiye shugabancin garejin kafin a nemi ya ajiye. Direbobi biyu suka koma wajen Harms. Matthis ya janye neman canjin yanki.

Ya je neman aure a cikin Afrilu. Eilert na zaune a kicin yana kallon taga, ya bar gemu. Hannunsa fes, babu mai.

"Herr Oltmanns, na zo neman auren Henrike."

"Ka karɓi garejin, ka karɓi sunana, yanzu kuma 'yar."

"Ban karɓi komai ba."

"Ta ce tana so?"

"Ta ce."

"To ni me ya rage nawa?"

"Albarka, kai uban taurin kai," in ji Oma Gesche daga wajen murhu. "Ita ce ta rage."

Henrike ta durƙusa kusa da kujerarsa ta riƙe hannunsa. Bai janye ba, bai kuma matse nata ba.

"Da motarki nake farawa," in ji shi, yana kallon taga. "Kullum."

"Na sani, Papa."

Daren jajibirin biki maƙwabta kan taru su saƙa koren ganyen itacen fir da furannin takarda su kewaye ƙofar amarya da su. Sun zo, amma ba duka ba. Gidaje uku a layin suna da yara a motar Henrike, kuma daga cikinsu babu wanda ya fito. Waɗanda suka zo sun rataye ganyen, sun yi waƙa ɗaya, sun sha abin da aka ba su, sun tafi da wuri. Tammo ya aiko da furanni da kati mai ladabi.

A ofishin rajista komai ya tafi yadda aka saba. Ma'aikaciyar ta karanta abin da take karantawa, ta tambayi kowannensu, kowa ya ce eh. Da Matthis ya zo sa mata zobe, zoben ya kusa suɓuce masa.

"Mutumin da ke hawa rufi," in ji Henrike a hankali.

"A can da igiya."

Iyayen Matthis, waɗanda suka zo daga Ulm a jirgin ƙasa, suka rungume ta. Oma Gesche ta kama fuskokinsu biyun, ta sumbaci goshin kowanne.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, tunda ni bai ba ni ba. Kai kuma ka ci abinci, kamar sandar shanya."

Mutane sun fara fita lokacin da Eilert ya tashi daga kujerar baya. Ya yi aski, ya sa baƙar kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar matarsa. Ya tako har gaba. Ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ya daɗe.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya tsare miki hanya."

Ta rungume shi tana kuka, shi kuwa ya kalli bango. Sannan ya juya ya miƙa wa ango hannu.

"Kai ma Allah ya yi maka. Motarta, ka riƙa duba ta da kanka. Kada ka bar wa kowa."

"To, Herr Oltmanns."

"Eilert za ka ce."

"To, Eilert."

Ka'idar kamfanin Matthis ta hana ma'aikaci gwada motocin danginsa. Daga ranar da aka ɗaura auren, wani ne daban zai riƙa zuwa garejin Oltmanns. Matthis da Henrike sun sani. Har yanzu ba su gaya masa ba.

Henrike ta nemi gunduma ta mayar da kwangilar da sunanta. Kamfanin Harms ma ya nemi a bar masa hanyoyin dindindin. An ce za a yanke hukunci a watan Satumba. Motoci biyar ɗin suna jere a farfajiya, da sababbin hanci, tankunansu a rufe.